Labarin da Yara Suka Ƙarasa wa Baba

Malamar su Auta ce ta ba su aikin gida: kowane yaro ya samo babba ɗaya a gidansu, ya roƙe shi ya zo aji ya ba da labari da bakinsa. Auta, 'yata ta ƙarshe da ke aji uku, ko kallona ba ta yi ba. Ɗakin mahaifina ta nufa.

"Tsoho, tashi ka wanke hularka. Ranar Laraba za ka je makarantarmu."

"Wace makaranta kuma, amarya? Ni da na gama karatu tun ba a haifi ubanki ba?"

"Karatun me ka gama? Labarin gada za ka ba mu."

Baba tsohon direban babbar mota ne, kuma babu wanda bai san labarin gada ba a layinmu. Ya ɗauko lodin gishiri, ruwa ya shanye gada, ya ce shi zai wuce, kogi ya kifar da motar. Yakan ce har yau kifin kogin nan ba a sa masa gishiri. Yakan ce ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, yana zagin kogin ya dawo masa da ɗayan. A nan yake tsayawa, a yi dariya. Abin da ba ya faɗa shi ne yayana Dogo yana saman kaya ranar. Ba a ga ko rigarsa ba. A gidanmu ba a ambatonsa, shi ya sa yarana ba su san an yi shi ba.

A lokacin kan Baba ya fara kwancewa. Yakan kira matata da sunan marigayiya mahaifiyata. Yakan ci abinci ya ce an bar shi da yunwa. Matata ta daɗe tana cewa a sa wa ɗakinsa kwaɗo kafin ya fita ya ɓace. Na ce mata ubana ba akuya ba ne, muddin ina numfashi ba mai kulle shi. Da safe yakan taka zuwa teburin mai shayi, ya zauna, ya gyara wa direbobi tuƙi da baki, ya dawo. Abin da ya rage masa ke nan a duniya.

"Kada ka kai shi cikin yaran nan," in ji matata. "Idan ya rikice fa?"

"Labarin da ko yana barci zai iya bayarwa? Ke dai goge masa riga."

Ranar Laraba na rufe shagona na facin taya, na riƙo shi muka tafi. Ajin ƙarami ne, yara uku-uku a benci, allon ya tsage ta gefe, tagar baya babu gilashi sai kwali. An manna zane-zanen yara a bango, akuyoyi masu ƙafa biyar da motoci masu kama da burodi. An ajiye kujera ɗaya a gaba. Ni kuma aka ba ni benci a baya, gwiwoyina har ƙirji.

Malama yarinya ce mai natsuwa. Ta gaishe da Baba har ƙasa, sannan ta tuna wa yara dokar ajin. Wai a nan ba a barin labari ya mutu. Idan mai ba da labari ya yi shiru, za ta buga rula a tebur, na kusa ya ɗauka daga inda aka tsaya, ya ƙara nasa, har a kai ƙarshe. Ta ce ta yi haka ne don kada yaro ya ji kunya idan ya manta. Na ji ta, amma na ɗauka dokar ta yara ce.

Baba ya fara. Wallahi ya yi kyau. Ya riƙe sitiyari a iska, ya yi kukan inji da baki, ya sa giya har kafaɗarsa na motsi. Da ya zo kan kifin da ba a sa wa gishiri, wani yaro har ya faɗo daga benci. Auta sai waiwaye take tana duba ko kowa ya ga kakanta.

Ya zo inda zai ce ya fito da takalmi ɗaya. Sai ya ce, "Da na ɗago kaina daga ruwa, sai na waiwaya. Dogo yana saman kaya."

Ya yi shiru. Hannunsa na nan a iska.

Na yunƙura zan tashi, benci ya riƙe mini ƙafa. Malama ta ɗan jira, ta yi murmushi, ta buga rula.

"Sai Dogo ya yi tsalle ya kama reshe!" in ji yaron da ke gaba, wani mai giɓi.

Ta sake bugawa.

"Sai reshen ya karye, sai ya hau taya, ruwa ya tafi da shi nesa."

"Sai masunta suka tsamo shi, suka ba shi shayi."

"Sai ya girma ya sayi motarsa, ja, babba, ta fi ta Kaka!"

Rula ta zo kan Auta. Ta miƙe tsaye, ta gyara murya. "Yanzu haka yana hanya. Zai zo tasha ya ɗauki Tsoho, su tafi yawo."

Aji ya ɗauki tafi. Baba ya sauke hannu a hankali.

"Wace tasha?" ya ce.

Yara suka fashe da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Ya tashi ya dafa kafaɗar mai giɓin nan. "Kai, ɗan nan, ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi mana! Har alewa ya ba ni."

Na zo na kama hannunsa muka fita. Malama ta biyo mu baranda. "Baban Auta, lafiya? Ko mun yi wani abu ne?"

"Dogon nan yayana ne," na ce. "Ruwan bai dawo da shi ba."

Ta rufe baki da hannu. Ban tsaya jin haƙurinta ba. Ba ta yi don mugunta ba, amma haƙuri ba abin da zai gyara.

Washegari mai shayi ya aiko a tambaya ko Baba ba shi da lafiya, bai gan shi ba. A tasha na same shi, ya sa rigar jiya, yana leƙa gaban kowace jar mota. Na kawo shi shago, na zaunar da shi kan tsohuwar taya, na tsuguna a gabansa.

"Baba, Dogo ya rasu. Tun ina ƙarami. Yara ne suka ƙirƙira."

Ya dube ni. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba, ko a lokacin da abin ya faru. Yana cewa shi ya ce wa Dogo ya hau saman kaya, gaban mota akwai zafi. Masu jiran faci suka juya baya. Na ce a raina, to, ya yi zafi amma an wuce wurin.

Kafin la'asar ya manta na faɗa masa. Ya tambaye ni ko jar motar ta iso.

Abin da na kasa ganewa ke nan har yau. Mutumin da ba ya tuna ya ci abinci, ba ya tuna sunan surukarsa, amma maganar yaran nan ta zauna masa daram. Na sake faɗa masa gaskiya, ya sake kukan daga farko, ya sake mantawa. Matata ta ce, "Don Allah ka daina kashe masa ɗa kullum." Na daina.

Auta kuwa ta bar shiga ɗakinsa. Wata rana ina wanke hannu ta tsaya a bayana.

"Baba, ni na jawo?"

"Ke kin san wani Dogo ne? Ni na kai Tsoho ajin."

"Amma ni na ce tasha."

Na ci gaba da wanke hannuna. Malama ta aiko cewa ta daina wasan rula a ajin. Na ce wannan ruwanta.

Na roƙi 'yan kamashon tasha su riƙa sa wa Baba ido. Suka yi iya yinsu, har benci suka ba shi, suna kiransa Oga Direba. Amma tasha ba gidan reno ba ce. Ran nan wata jar tanka ta taho a babban titi, ba ma tashar za ta shiga ba. Baba ya tashi ya shiga tsakiyar kwalta yana ɗaga hula. Direban ya taka birki, ya kauce, ya kwashe rumfar mai lemo, Allah ya sa matar ta je ɗibar ruwa. Gefen motar ya bugi Baba, hannunsa ya karye.

Da na iso, direban ya taso mini. "Kai ne ɗansa? Ku ɗaure tsohonku! So kuke in kashe mutum a banza?"

Baba na kwance a ƙasa yana kallonsa. "Ba shi ba ne," ya ce mini. "Wannan gajere ne."

Daga asibiti na biya kasuwa na sayi kwaɗo da sakata. Matata ba ta ce ai ta faɗa mini ba, kuma na gode mata da hakan. Na ɗaura sakatar ta waje da hannuna, Baba yana zaune a bakin gado da hannu a naɗe, yana gaya mini na sa ta a karkace.

Da safe aka kai masa shayi, aka fito, na ja ƙofar na datse. Na ji ya taso, ya taɓa ƙofar, ya ɗan girgiza ta. Bai yi faɗa ba.

"Kai, kana nan?"

"Ina nan, Baba."

"To ka tsaya masa a tasha. Kada ya zo bai ga kowa ba. Jar mota ce."

"To, Baba."

Na sa makullin a aljihu, na tafi buɗe shago.