Layin Ƙofar Baya

Tun ranar da kwali shida na sabulu suka ɓace a kamfanin, manaja ya ba da umarni kowa ya riƙa fita ta ƙofar baya, in ban da ma'aikatan ofis. A can maigadi yake buɗe jaka, ya shafa aljihu, kafin mutum ya wuce. Da can masu shara da 'yan dako kaɗai ke bin wannan layi. Babu inda aka rubuta haka, kowa zuwa ya yi ya tarar. Yanzu kuwa masu injin, direbobi, makanikai da mai sito duk sun shiga ciki.

Mai sito shi ke rubuta wa ma'aikata takarda idan suna da koke. Bai wuce firamare ba, amma ya shafe shekaru yana karanta tsofaffin jaridun da ake shimfiɗawa a ƙasan kwali, yana duba kalmomi a wani ƙamus da bangonsa ya rabu da shi, har ta kai akawun ofis kan leƙo ya tambaye shi abu a ɓoye. Shi ya sa ake ce masa Ƙamus.

A rana ta tara da fara wannan bincike, lokacin hutun rana, shugaban masu injin, wanda suke kira Ciyaman, ya shigo sito da mutum huɗu. Suka zauna a kan durom-durom na mai. Ciyaman ya ce haƙuri ya ƙare, a rubuta wa manaja da Turanci mai nauyi, irin wanda zai karanta ya cire tabarau.

"Ka ce masa mu masu sana'a ne. Shekara ashirin ina kan injin nan. Ba za a riƙa yi da mu kamar masu shara ba."

Wani direba ya yi tari. Sauran suka sunkuyar da kai, don kowa ya san yayar Ƙamus mai shara ce a kamfanin.

"Ba da Yayarka nake ba," in ji Ciyaman. "Magana ce kawai."

Ƙamus ya ce su ba shi zuwa gobe.

Ya san jimlar da ake bukata. Ya sha ganin ta a jaridu. Mai Turanci idan aka zalunce shi ba kasafai yake tsayawa lissafa abin da aka yi masa ba. Sai ya ce an yi da shi kamar abu kaza, ya cike gurbin da abin da ya fi ƙasƙanci a idonsa: kare, ko datti, ko ɓarawo, ko bara. Jimla ce gajera, kuma tana aiki. Abin da ya daɗe yana damun Ƙamus game da ita shi ne dalilin da ya sa take aiki. Ba ta cewa abin da aka yi mugun abu ne. Cewa take an yi shi ga wanda bai dace ba. Mai rubutu da mai karatu sun riga sun amince tun kafin a fara cewa akwai wanda ya dace da shi.

Da yammar nan, tsakanin motar kaya da motar kaya, ya gwada a bayan takardar lodi. Ya sa ɓarayi a gurbin. Nan take ya ji amsar manaja a kunnensa: ai masu shara ma ana duba su kullum, wa ya taɓa kiran su ɓarayi? Ya sa dabbobi, ya ga manaja zai yi murmushi ne kawai, don babu mai laluben aljihun dabba. Ya cire kwatancen gaba ɗaya, ya jera abin da ya faru da ranakunsa. Takardar ta fito tsaf, babu ƙarya a ciki, kuma ya san irin ta ake sa wa a fayil a manta. Ta Ciyaman ce kaɗai za ta taɓa manaja, domin ita ce abin da manajan da kansa ya yarda da shi.

Washegari da safe ya sami yayarsa a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye bokitai da tsintsiyoyi. Tana matse tsumman goge ƙasa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kuma ta yi ta zarya wajen tsohon manaja har aka ɗauke shi aikin sito. Ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, sannan ya faɗa mata abin da ake so ya rubuta, kalma da kalma.

Ta yi dariya ba tare da ta ɗago ba.

"To ka rubuta mana, Auta. Tun da kuka shigo layinmu ban ƙara samun motar farko ba. Ku maza aljihu goma-goma. Ga Ciyaman da tumbinsa, sai maigadi ya zagaya shi sau biyu kafin ya gama."

Ya ce ba ta gane ba. Ya yi mata bayanin yadda jimlar take a Turanci, cewa duk wanda ya rubuta ta ya sa hannu ke nan a kan cewa su masu shara sun cancanci a buɗe musu jaka.

Ta rataye tsumman a bakin bokiti, ta goge hannu a zaninta, ta dube shi.

"Shekara goma sha ɗaya kana fita ta gaba, ina fita ta baya, mu haɗu a bakin titi. Ba ka taɓa cewa komai ba. Sai yau da za ka sa a takarda abin ya dame ka?"

Ta ɗauki bokitin, ta ci gaba da magana.

"In izini ka zo nema, ba ni da shi. Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Hannunka ne. Matsa min, ban goge ofis ba."

Ya koma wajen Ciyaman da wata shawara: a nemi a daina binciken ga kowa, masu shara da 'yan dako su ma su sa hannu. Ciyaman ya saurare shi har ƙarshe, ya ce shawara ce ta mutumin kirki, amma manajan da ya rasa kwali shida ba zai bar ƙofa biyu a buɗe ba. In an nema wa kowa, babu mai samu. Ya ƙara da cewa akwai dattawa a cikinsu da ake laluba a gaban yaran da suka koya wa aiki, ɗaya ma ya fara maganar ajiye aikin. Ƙamus ya juya maganar ta kowace fuska, bai ga inda Ciyaman ya yi ƙarya ba.

Ya rubuta. Ya sa jimlar a tsakiyar takardar, inda ido zai faɗa, ya kuma gyara ta har ta fi yadda Ciyaman ya faɗa kaifi, don bai iya rubuta abu rabi-rabi ba. Mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu. Shi ne na ƙarshe.

Bayan kwana uku aka liƙa amsa a allon sanarwa. Hukumar kamfani ta ce ta yi nadama, ba nufinta ba ne ta yi da ƙwararrun ma'aikatanta kamar masu shara. Daga yau su koma babbar ƙofa. A ƙasa kuma aka ƙara sakin layi guda: domin kauce wa irin wannan ruɗani, an mai da binciken ƙofar baya doka a rubuce ga masu shara da 'yan dako, kuma duk wanda ya ƙi buɗe jakarsa a bakin aikinsa.

Masu injin suka yi ta zuwa sito suna ba shi hannu. Ciyaman ya ce dama ya faɗa, Turanci a bakin Ƙamus ya fi na masu digiri.

Da aka tashi aiki ya tarar da yayarsa a gaban allon, jakarta a kafaɗa. Ta ce ta ga mutane suna ta murna, ya karanta mata. Ya duba ko akwai yadda zai sassauta, sai ya fasa. Ya fassara mata duka, daga nadamar har zuwa korar.

Ta kalli takardar da ba ta iya karantawa.

"Wannan maganar ta tsakiya, mai sunanmu. Tasu ce ko taka?"

"Tawa ce, Yaya. Su maimaitawa suka yi."

Ta gyaɗa kai. "Ka iya aiki."

Ta nufi ƙofar baya. Layin ya koma gajere, mata bakwai da 'yan dako 'yan kaɗan. Ƙamus ya bi ta, ya tsaya a bayanta, ya fara fito da abin da ke aljihunsa: makullin sito, biro, hankici. Ba ta waiwayo ba. Da aka zo kansa, maigadi ya dubi hannunsa, ya dubi fuskarsa, ya ce cikin ladabi ya yi haƙuri ya zagaya ta gaba.

Ƙamus ya ce ai ba komai, a duba shi kawai ya wuce, tare suke da yayarsa.

"Da jiya ne, Malam, sai in duba ka. Yanzu a rubuce yake su wa ke bi ta nan. In na bar ka, ni za a tambaya."

Yayar ta riga ta zuge jakarta ta fita. Ƙamus ya mai da makullin da biron aljihu, ya juya, ya ratsa farfajiyar kamfanin shi kaɗai zuwa babbar ƙofa.