Itacen da Mas'udu Ya Sare

"Ba ka shiga," in ji Sharifu, ya tokare ƙofar zaure da sandarsa ta kiwo.

Mas'udu ya tsaya sororo da ganyen magarya a hannu. Daga ciki ana jin kukan Hawwa, don da hantsin nan mijinta Na Allah ya cika. Darni ɗaya ya raba gidajen biyu.

"Sharifu, ni da ubanka alkawari gare mu tun ba a haife ka ba. Wanda ya riga tahiya, ɗayan shi za ya yi mai wanka."

"Hannun da ya sare gawonshi ba ya taɓa jikinshi. Shi ya hwaɗa da bakinshi."

Rigimar duk a kan filin tsakiyar gari ce. A wannan ƙauye na gefen Kanan-Bakashe filin ba na kowa ba ne, na kowa ne kuma: nan ake idi, nan shanun Na Allah ke hutawa ƙarƙashin wani tsohon gawo suna tsintar 'ya'yansa da rani. Da magajin gari ya ce za a gina lakwal, wato makarantar boko, ta siminti a wurin, gari ya dare biyu. Jikokin Mas'udu a rumfar kara suke karatu, wadda iskar farkon damina ke kwashewa kowace shekara. Na Allah kuwa ya ce gonaki sun cinye burtali, yanzu ga masu alli sun zo cinye inuwa. Aka zagi juna a bakin rijiya, aka daina gaisawa a masallaci. Ranar da ma'aikata suka yi cirko-cirko don tsoron sandunan makiyaya, Mas'udu, uban 'yan zafin kai, ya fizge gatari ya kai saran farko. Tun ranar ƙwaryar nono ba ta sake tsallako darni ba.

Mas'udu ya je dubiya da ciwon Na Allah ya yi tsanani. "Maƙwabci, ka gafarce ni," ya ce. Na Allah ya juya fuska ga bango, kamar ba mutum ne ke magana ba. Abin ya ci wa Mas'udu rai, har gobe kuma bai yarda ya yi laifi kan lakwal ba.

Wani ya yi wankan. Aka yi salla a gefen ramukan tushen gini, sahu a karkace, manoma gefe, makiyaya gefe.

A maƙabarta aka yi tsaye. Itacen da ake jerawa bisa mamaci kafin a tura ƙasa bai isa ba, a ƙasar da ko na girki sai mace ta yi tafiya mai nisa. Sadiƙu mai haƙa ya ɗago kai daga ramin. "To, mi za mu yi? Da kara za mu ruhe shi?"

Mas'udu ya juya ya nufi gida. Can sai ga shi yana haki, niƙi-niƙi da dami a ka. Ya zube shi a bakin kabari. Kowa ya gane rassan gawon ne, kason Mas'udu da ya jingine a bayan rumbu ya kasa ƙonawa.

Makiyaya suka fara guna-guni. Sharifu ya ɗauki reshe guda, ya shafa shi, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Itacenshi ne, dole in amsa," ya ce. "Kai kau, Baba, ja baya."

Mas'udu ya ja baya har gindin wata sabara. Daga nan ya kalli Sharifu yana jera rassan bisa ubansa, har suka rufe likkafanin. Ya sa hannu a aljihu zai ɗauko carbi, sai ya taɓo ganyen magarya. Ya bushe, yana murmushewa tsakanin yatsunsa.