Baba Direba Zai Koma Gida

Likita tana laluben jijiya a bayan hannun Baba Direba sai ya ce, "'Yata, yau ajiye allurar nan tukuna. Magana nake so mu yi."

Ta ɗago kai da mamaki. Baba Direba ba mai gudun allura ba ne. Tun da ya shiga gwajin sabon maganin ciwon dajin hanta, kullum shi ke riga kowa zuwa, shi ke sa sauran marasa lafiya dariya da labaran shekarun da ya yi yana jan babbar mota. Ko ƙarin ruwan ma shan mai yake kiransa. Da an rataye ledar sai ya ce, "Sista, a cika tanki, tafiyar da nisa."

"Ina jin ka, Baba."

"Gida zan koma."

Ta zauna a bakin gadon. Ya ce uwar 'ya'yansa ce, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun bara. Babbar 'yarsu ta bugo waya ta ce tsohuwar ta fara ƙin abinci. Sai an ce mata yana kan hanya sannan ta buɗe baki. Ta sa an juya mata gado yana kallon ƙofa.

"Duk ƙuruciyarta a jirana ta ƙare," in ji shi. "Ni ina kan titi, ita tana raino. Na ce mata idan na ajiye mota ba inda zan ƙara zuwa. Ga shi na ajiye, har yau jirana take."

"Baba, maganin nan ba ya fita daga asibitin nan. Sai a gabanmu ake sa shi, sai an auna jini kowane zuwa. Idan ka tafi, ka fita daga gwajin ke nan. Kuma ka ga hoton da idonka, ƙarin da ke hantar ya ragu sosai."

"Na gani. Allah ya saka."

"Ba za a iya kawo ta nan ba?"

Ya yi murmushi. "Matar da sai mutum biyu sun kama ake juya ta? Hanyarmu ko mai lafiya sai ya yi jinya."

Ta tarar da Farfesa, shugaban binciken, a ofishinsa, takardu sun kusa binne shi. Ita ce ƙaramar likita a cikin masu binciken. Da safe ta duba marasa lafiya, da rana ta kula da masu gwaji, abin da ya rage na yinin kuma ta ba maƙalar da take fata za ta fito da sunanta a gaban manyan likitoci. Farfesa ya saurare ta, ya cire tabarau ya murza ido.

"Haƙƙinsa ne, ba mai tsare shi," ya ce. "Amma a duk waɗanda ke hannunmu ba wanda maganin ya karɓa kamarsa. Shi ne ƙashin bayan maƙalarki. Ki koma ki tabbatar ya fahimci abin da zai bari. Ba don takarda ba, don shi."

Ta ce to. A kan matakala ta tsaya tana tambayar kanta, don wanne daga cikin biyun ƙirjinta ya yi nauyi haka. Ba ta samu amsa mai tsabta ba.

Lokacin cin abinci ta shiga ƙaramin ɗakin da suke ajiye jinin gwaji, ta jingina da firji, ta kira mahaifiyarta ta bidiyo. Tun da ta samu wannan gurbin, 'yarta mai shekara uku tana can wurin kakarta, mijinta kuma aiki ya jefa shi wani garin daban. Gida ɗaya, an raba shi uku.

"Auta, kin rame," in ji mahaifiyar. "Ku da kuke ba mutane shawarar cin abinci."

"Hasken ɗakin ne, Umma. Ina mutuniyar?"

Aka kira yarinyar. Ta leƙo, goshi da ido ɗaya kawai suka fito, ta ce, "Ina wasa," ta ture wayar. Likita ta bi fankar silin da ta bayyana a wayar da kallo, tana jin ƙarar 'yan takalman suna nisa.

Mahaifiyar ta gyara wayar ta ce, "Kin san ta daina cewa luwa? Yanzu ruwa take cewa, tsaf, kamar babba."

"Tun yaushe?"

"Ai an kwana biyu. Yaushe za ki zo ne?"

"Da zarar an gama wannan zagayen."

"Zagayen nan naku dai kamar na agogo, ba a gama shi."

Suka yi dariya tare. Bayan ta kashe wayar ta daɗe a tsaye, sanyin firjin yana ratsa bayanta. Luwa. Ita ce ta fara jin kalmar a bakin yarinyar, ba ta san ranar da aka yi sallama da ita ba.

Da ta koma, Baba Direba ya riga ya sa hularsa. Ta ja kujera ta faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye: idan ya zauna, akwai kyakkyawan zato zai daɗe, idan ya tafi, ciwon zai dawo, wataƙila cikin watanni.

"Watanni," ya maimaita, kamar mai auna nisan hanya. "Ai da yawa. Abu ɗaya ke damuna. Jinin nan nawa da kuka yi ta ɗiba, ya tashi a banza?"

"Ko kaɗan. Duk abin da muka koya a jikinka yana nan, na bayanka za su amfana."

"To alhamdu lillahi. Na sauke kayan mutane."

Ba ta ƙara roƙonsa ba. Ta haɗa masa magungunan rage zafi, ta kira wani abokin karatunta da ke aiki a asibitin da ya fi kusa da garinsu, ta damƙa masa amanarsa. Sannan ta ce wa sista za ta fita ta dawo kafin masu ƙarin ruwan yamma su iso, ta ɗauke shi a 'yar motarta zuwa tasha.

Tun kafin su fita ƙofar asibiti ya fara. "Haba Likita, sake giya mana, ba ki jin tana kuka? Wallahi da haka kike allura da tuni na gudu."

Ta yi dariya har sai da ta goge ido.

A tasha ya zagaye motar da zai shiga, ya daddanna taya da ƙafa, ya ce wa matuƙin, "Ɗana, kada ka yi gudu, amma kada ka tsaya hira. Ana jirana." Ya zauna kusa da taga, ya sa mata albarka har motar ta fice daga tashar.

Tana juyowa ta ji ɗan kamasho yana kiran sunan garin mahaifiyarta. Motar ta kusa cika, injin yana aiki, wata mata a ciki tana gyara wa 'yarta ɗankunne. Likita ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta bakin ƙofar ba.

"Anti Likita, tafiya ce? Saura kujera ɗaya, yanzu za mu tashi."

Ta dafa ƙarfen ƙofar, rana ta gasa shi. Kafin magariba za ta iya kaiwa. Sai wayar ta yi ƙara a aljihun farar rigarta: sista ce, masu ƙarin ruwa sun iso, ɗaya daga cikinsu jikinta ya yi zafi.

"Anti?"

"Ba yau ba," ta ce, ta matsa gefe.

Wani mai jaka ya shige, aka rufe ƙofa. Ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta ciro makullinta.