Ranar da Matan Zumunta Suka Ƙi Bin Mai Mashi

Shekara ashirin da shida marigayi Baba Shekari yana shirya wasan kwaikwayon nan a cocinsu na Sabon Tasha, duk ranar bikin godiya. Bana ya faɗo hannun 'yarsa Miriam, kuma dattawan coci ba su ɓoye mata ba: in ta kwafsa, baɗi wani za a ba.

Wasan tsoho ne, kowa ya haddace shi. An kashe sarkin wani gari, 'ya'yansa biyu suka tsaya a kan gawar, kowa yana jan jama'a. Babban ya ce a ɗau fansa, ƙaramin ya ce a binne uba a zauna. Jama'a su bi babban, a tafi yaƙi, ba mai dawowa. Shi ke nan, a share hawaye a je a ci shinkafa.

Miriam ta sha jin babanta yana bayani. "Babban ba ya cewa 'ni', sai 'mu'. Tambaya yake jefawa, mutane su amsa da bakinsu, su ɗauka shawararsu ce. Ƙaramin kuwa yana da gaskiya, amma jera ta yake kamar mai karanta sanarwa. Dole ya faɗi."

Saboda haka ta ba Victor, shugaban mawaƙa, matsayin babban. Na ƙaramin kowa ya noƙe, wa ke son a yi masa ihu a gaban surukai? Sai Samson, direban keke, wanda ya dawo unguwar Romi shekara biyu da suka wuce bayan an kai hari ƙauyensu. Mutum ne da ko gaisuwa sai ka matso kake jin ta. Matan zumuntar coci su ne jama'ar gari, Mama Eunice a gaba.

Ranar wasa Victor ya ɗaga rigar sarki mai jini, ya buga mashi a ƙasa. "Wa ya ciyar da mu?" Mata suka amsa. "Wa ya kwanta a nan?" Kai, yaron nan ya iya! Ya hau, ya sauka, ya yi shiru, ya sake hawa, har tsigar jikin Miriam ta tashi, ita da ta ji jawabin sau ɗari.

Sai Samson ya fito. Ya faɗi layi biyu daidai, sannan ya tsaya yana kallon gawar, alhali tsummokara ce aka naɗe da zane. Miriam ta raɗa masa layi na gaba. Ina, bai ma ji ta ba.

"Ni na taɓa haƙa kabari da damina," ya ce a hankali. "Kana haƙawa ruwa yana cikawa. Mu huɗu muka rage masu ƙarfi, gawa goma sha ɗaya."

Wannan ba ya cikin takarda.

"Yayana ya ce mu je. To, mu je. Amma Mama," ya juya wajen Mama Eunice, "cikin 'ya'yanki wanne za ki ba shi? Faɗa mini sunansa, in san tsawon ramin."

Samson bai ɗaga murya ba, bai ɗaga hannu ba, amma Miriam ta ji tsoro da mamaki sun rufe ta lokaci guda.

Victor ya daka kiran yaƙi, inda ya kamata mata su ruga bayansa da guɗa. Ba wadda ta motsa. Ya sake. Mama Eunice ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Ba inda za mu."

"Anti, ya zan yi?" Victor ya raɗa wa Miriam.

Miriam ta dubi layin dattawa, ta dubi littafin wasan da babanta ya bari. Da ta ɗaga hannu sau ɗaya matan za su tuna wasa ne. Sai ta rufe littafin.

"Ajiye mashin. Je ka kama wa ƙanenka gawar."

Haka suka ɗauke ta su biyu, mata na biye da waƙar jana'iza, har ƙofa.

Bayan an tashi, Baba Sunday, shugaban dattawa, ya tako da sandarsa. Miriam ta durƙusa, ta riga ta sallama.

"Ba haka babanki yake ƙare shi ba."

"Na sani, Baba."

Tsohon ya daɗe yana goge ido da hularsa.

"Shekara ashirin da shida ina zaune a kujerar can ina roƙon Allah su ƙi tafiya. Riƙe littafin, 'yata."