Iyakar da Auta ta Shata wa Baba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke wa Baba magana, kwamfuta ce bakinsa. Auta, 'yarsa da ke jinyarsa, ta buɗe masa wani akwati a kan allon, haruffa jere a ciki. Da hannun hagu yake jan linzamin kwamfutar, 'yar kibiyar da ke yawo a allon ta sauka kan harafi, ya danna. Kalma ɗaya sai ta ci minti biyu, amma dai magana ce.

Matsalar, hannun rawa yake. Kibiya ta zame waje, ya danna inda bai nufa ba, haruffa su ɓace. Wata rana Auta ta dawo daga aiki ta tarar da shi leɓe a bushe, haruffan sun ɓace, tun hantsi yake son ya ce ruwa. Ranar ta yi kuka a kicin kamar ranta zai fita.

Washegari ta nemo wata manhaja ta killace kibiyar a cikin akwatin haruffan. Ko ina ya ja, da ta kai gefe sai ta tsaya cak.

"To, Baba, yau kai ma an yi maka iyaka," ta ce da tsokana, don kuwa shekara talatin ya yi yana awon filaye. Bai yi murmushi ba.

Abu ya yi kyau, wallahi. Ruwa, magani, zafi, duk yana rubutawa. Sai dai kullum bayan an gama ba shi abinci, Auta kan ga kibiyar manne a kusurwar dama ta sama, shi kuma yana ta tura linzami har ya kusa faɗowa daga tebur. Ta ɗauka rawar hannun ce ta ƙaru. Sai ta kama hannunsa a hankali ta mayar tsakiya. Sati uku tana haka, baiwar Allah, tana ganin gata take yi masa.

Ranar Asabar ya rubuta: BUƊE.

"Taga, Baba? Ko ƙofa?"

Ya sake tura kibiyar kusurwa, ya zuba mata ido.

"Haba, Baba! In na cire iyakar, haruffan za su sake ɓace maka. Ka manta ranar nan?"

Ya sake rubutawa, harafi bayan harafi, gumi na tsatstsafo masa: BUƊE.

Tsoro take ji, amma ta cire. Kibiyar ta fita tana tangaɗi, ta wuce, ta dawo, sau huɗu, kafin ta dace da ɗan layin da ke sauke akwatin ƙasa. Ya danna.

Hoton Mama ne a bayan akwatin, wanda ya sa a allon da kansa bara, satin da ta rasu. Tana tsaye a bakin ƙofa tana dariya, hannu ɗaya a ƙugu. Auta ta ƙura wa hoton ido. Ashe ba kowace zamewa ce kuskure ba. Sati uku kenan ta raba shi da matarsa.

Ya daɗe yana kallo, hawaye na bin kuncin da ba ya motsi. Ba ta goge masa ba. Da ya gama, ya nuna mata allon da ido, ta dawo da haruffan. Ya rubuta: TO RUFE.

Ta miƙa hannu za ta mayar da iyakar, sai ya ci gaba da dannawa. Ta tsaya ta jira shi.

GOBE MA.