Rumbun Ƙarfe na Attahir

Attahir taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin abin da sauran mutanen ƙauyenmu suke haɗiyewa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana dako a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Da aka rushe unguwar da yake haya don a faɗaɗa tashar, sai ya tattara ya dawo gida, nan kusa da Tarka. Wani zai dawo da baƙin ciki, shi kuwa da sha'awar rusau ya dawo. Kullum a gindin itacen bedi yana ba mu labarin yadda katafila take share unguwa guda kafin azahar, da yadda ake jera akwatunan ƙarfe hawa shida, ba laka, ba kara, ba yaɓe.

Bayan girbi sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya shigo da kwantena guda, irin akwatunan ƙarfen nan, shuɗiya, har da lambobi a jikinta. Sai da aka sare reshen aduwa kafin ta samu hanya. Aka dire ta a ƙofar gidan mahaifiyarsa, Inna Indo, kwantenar ta tsaya can kamar baƙuwar da ta ɓata gida.

Attahir ya ce zamanin rumbun laka ya wuce. Gara ba ta cin ƙarfe, ɓera ba ya huda shi, ɓarawo kuma sai ya zo da injin walda. Duk gaskiya ne, shi ya sa ba wanda ya iya musa masa. Ya sa aka kwashe dammunan hatsi aka zuba a ciki, ya rushe rumbun gidansu da hannunsa yana murmushi.

Abu guda Inna Indo ta roƙa, a bar mata zangarniyoyin iri a waje. Irin nan ba na kasuwa ba ne. Marigayi mijinta ya shekara talatin yana zaɓen kai mai saurin nuna, har ya samu hatsin da yake kaiwa ko da ruwa ya ɗauke da wuri. A ƙasarmu wannan ya fi saniya. Attahir ya ce ai abu mai daraja shi ya fi cancantar kwaɗo, ya kai shi can ƙurya ya kulle.

Bazara ta zo. Da rana ko akuya ba ta raɓar kwantenar. Na taɓa ce masa in ya buɗe ya ɗebo mini hatsin da ya riga ya gasu, in huta da hura wuta. Ya yi dariya, ya ce ni ko teku ban taɓa gani ba.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba, kowa ya fita da sungumi. Kwana biyar gonaki suka yi tsiro, ban da ta su Attahir. A kwana na bakwai na same shi durƙushe yana tona rami da yatsa. Ƙwayoyin suna nan yadda aka zuba su, sun jiƙe, sun kumbura, amma ba rai. Zafin ƙarfe ya kashe su tun kafin su ga ƙasa. Na zo da tsokana cike da baki, wallahi sai tausayi ya kama ni, na haɗiye.

Inna Indo ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ka tafi Falanko wurin ƙanwarka Radiya," ta ce. "Ran da aka kai ta ɗaki na ƙulle mata zangarniya uku. In ta riƙe, to. In ba ta riƙe ba, aikin ubanka ya ƙare a hannunka."

Kwana biyu ya yi a kan babur. Ya dawo fuska duk ƙura, da iri tiya ɗaya tak a ƙulle cikin rawaninsa, ita ce ta rage wa Radiya bayan ta gama shuka. Bai wuce gida ba, ƙofata ya fara tsayawa. Ya raba tiyar biyu a kan tabarma, yana tsince ko ƙwaya ɗaya da ta gangara.

"Wannan zan shuka gobe," ya ce, bai dube ni ba. "Wannan kuma, don Allah, ka ajiye mini a rumbunka."