Babur Mai Wankan Asabar

A benen nan mai lamba tara da ke bayan masana'antar takarda a garin Varkaus, kana iya taka ƙafar mutum shi ya ba ka haƙuri, amma kada ka kuskura ka taɓa masa awarsa ta sauna, wato ɗakin wankan tururi. Ɗaki ɗaya ne tal a ƙasan ginin, gida goma sha takwas ke rabonsa, kuma takardar rabon da ke manne a ƙofa ta fi jarida samun masu karatu. Doka ta bakwai ta ce ba a ware wa gida awa sai yana da mazauna biyu ko fiye. Wanda yake shi kaɗai sai ya bi ayari, maza ran Laraba, mata ran Alhamis.

Tauno Kiiskinen da matarsa Raili sun riƙe ƙarfe shida na yammacin Asabar shekara talatin da huɗu. A watan Satumba Raili ta rasu. Tauno bai fasa ba, kowace Asabar sai ya ɗauki tawul ya sauka, ya hau bencin sama ya zauna a gefen dama, ya bar hagu yadda yake. Ba wanda ya ce masa uffan har Nuwamba, ranar da shugabar kwamitin gidan, Marjatta Rautio, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ta yi masa gaisuwa, ta yaba tsabtar falonsa ba tare da ta leƙa ba, sannan ta tuna masa cewa iyalin Hietala, masu 'ya'ya uku, shekararsu biyu suna jiran layi. Ta ba shi zuwa ƙarshen wata ya saki awar.

Kada a ɗauka muguwa ce. Tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, wadda ta yi imani cewa ranar da aka daina bin abin da ke rubuce, ranar maƙwabta za su cinye juna ɗanye. Lokacin da nata mijin ya mutu, shekara tara ke nan, da hannunta ta soke sunanta daga takardar tun kafin a kai shi makwanci.

Abin da Tauno bai iya gaya mata ba, don mutanenmu sun gwammace a cire musu haƙori da su faɗi irin wannan magana, shi ne ko'ina a gidan Raili ta mutu, ban da sauna. A kicin ba ta nan, a gado ba ta nan. Amma a sauna dama can ba sa magana. Shekara talatin da huɗu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba abin da ake ji sai cuu ɗin ruwa a kan duwatsu masu zafi. Saboda haka in ya watsa ludayi ɗaya ya rufe ido, shirunta na yanzu da shirunta na da duk ɗaya ne. Awa guda a mako yake da mata, kuma ita ake so a karɓe.

To, akwai wani tsohon babur ja, ƙirar ƙasar Cek, da ya shekara ashirin yana tsatsa a ɗakin ajiya. Bayan rasuwar, Tauno ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, sai ya wargaza shi ya kwaso shi hawa na uku gunduwa-gunduwa, ya baza a kan jaridu a tsakiyar falo. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana bakanike a masana'anta, don haka aikin bai ba shi tsoro ba. A wannan makon ya kai ga sa sabon boris a gidan inji. Yadda ake yi, a sanyaya boris ɗin har ya tsuke, a gasa gidan injin har ya buɗe, sai a zura, ba guduma ba faɗa. Sanyi kam ga shi nan kyauta a baranda, ashirin da biyu ƙasa da sifili. Zafi ne ya gagara, domin tandar da ke kicin ta Raili ce, ba zai sa mata ƙarfe mai giris a ciki ba ko da ba ta gani.

Ran Asabar sai ya sauka da ƙarfen zuwa sauna. Yana fitowa ƙarfe bakwai, jikinsa ja wur, ya yi kiciɓis da Marjatta a matakala, ta zo duba ma'aunin zafi.

"Tauno, me ka naɗe a tawul kamar jariri?"

Bai shirya amsar ba, ita ta fito da kanta. "Abokin zamana ne. Mu biyu ne a gidan."

"Wannan ai inji ne."

"Rabin inji. Ɗaya rabin sai mako mai zuwa."

Marjatta ta dube shi, ta dubi tawul ɗin da ke ta tururi. Da wata ce, da ta yi dariya ko ta yi faɗa, magana ta wuce. Ita sai ta ce za ta sa a jerin abubuwan da kwamiti zai tattauna.

Kwamitin mutum biyar ne, sun zauna ran Talata da tulun kofi da faranti cike da burodi mai zaƙi. Aka karanta doka ta bakwai sau uku, aka tarar ko'ina ba ta ce mutum ba, mazauni ta ce. Urpo Leskinen, tsohon direban bas wanda bai taɓa barin wata gardama ta wuce shi a ƙafa ba, ya tsaya wa babur ɗin. Yana kwana a gidan? Yana kwana. Yana damun maƙwabta? Ya fi kowa a benen ladabi. Wata ta tuno cewa an taɓa hana karen gidan Turunen, Urpo ya ce ba hana shi aka yi ba, karen ne da kansa ya ƙi shiga, kuma yana nan a rubuce. Aka ɗauko tsohon kundi aka duba, haka ne kuwa.

Bayan awa biyu da tulu na biyu aka yanke hukunci. Muddin babur ɗin ba ya iya fita da ƙafarsa, mazauni ne, marar lafiya da ake jinya. Dole ya halarci awarsa kowace Asabar, ko da wani sashe nasa ne, don ba a riƙe wa wanda ba ya zuwa wuri. Ranar da ya tashi kuwa ya zama abin hawa, sai tsakar gida wajen motoci, Tauno kuma sai Laraba. Za a gwada shi gaban kwamiti Asabar ta farko a watan Mayu. Marjatta ta sauka da alƙalami ta gyara takardar ƙofa: Kiiskinen T. da Babur.

Haka hunturun ya tafi. Ƙarfe shida saura biyar sai ka ga dattijo yana saukowa cikin rigar wanka, rungume da tanki, ko giyar babur, ko ƙafar gaba. Maƙwabta suka saba, har suna gaishe su su biyu. Tauno yakan ajiye shi a bencin ƙasa, a kan katako, bai taɓa ɗora shi a gefen hagu na sama ba. Wata Asabar mura ta kwantar da shi, Marjatta ta turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa cewa in shi ba zai iya ba, ɗayan fa. Urpo ne ya kai kabireta, ya zauna da ita awa guda, ya dawo ya ce ba ta da surutu.

Matsalar ɗaya ce, hannun Tauno ya yi kyau da yawa. Ya yi ta jan ƙafa, yana wanke noti ɗaya sau uku, amma kafin ƙarshen Fabrairu babur ya haɗu tsaf, kuma shi ya sani ko bai buga ba. Sai ya koma sauye-sauye. Ya cire kan babur ɗin ya sa mai faɗi, ya ga bai yi ba, ya mayar da na da. Ya ɗinka sabuwar kujera da fatar tsohuwar jaka. Ya ƙera mazaunin kaya a baya, alhali ba shi da kaya kuma ba shi da inda za shi. Tanki ya sha fenti sau huɗu, ja, baƙi, kore, ya sake komawa ja, kowane fenti kuma sai ya bushe a sauna. Duk abin da ya taɓa sai ya ƙara kyau, abin yana ba shi haushi kuma yana yi masa daɗi.

Ita kuwa Saana Hietala, kowace Alhamis tana shiga ayari da 'ya'ya uku cikin tsofaffin mata masu son shiru. In sun haɗu da Tauno a matakala takan tambayi jikin marar lafiya, ba da gatse ba, shi kuma ya ce da sauƙi, sannan ya tuna ba sauƙin ake nema ba. Ya san ta gaji. Yakan hau sama yana jin kunya, amma kunyar ba ta taɓa kai shi ga cewa a ba ta ba.

Ana saura mako guda a yi gwajin Urpo ya zo da wani mataccen filogi a aljihu ya ajiye a kan tebur. "Mutumina, kai ma ka san yadda ake yi. Ka ɗaura wannan, ka buga sau goma, ka yi tsaki, mu watse. Wata shekarar kuma Allah ya kai mu." Har Marjatta ta tsaya da shi wajen akwatin wasiƙu, tana kallon bango, ta ce ita fa ba ta san komai a kan inji ba, da za a cire wa babur waya goma ba za ta gane ba. Daga bakinta wannan magana daidai take da wani ya rungume ka yana kuka.

Da safen ranar Tauno ya ɗaura mataccen filogin. Ya dafa kofi ya zauna yana kallon babur ɗin. Shekara arba'in da ɗaya ba injin da ya bar hannunsa bai tashi ba, kuma wannan ya fi su duka cin ƙarfinsa. Ya ce a ransa ai akwai wata dabarar, zai mayar da filogi mai kyau, in ya so sai ya buga kiki a sanyaye, bugun da ko keken ɗinki ba zai tayar ba. Ba ƙarya ya yi wa injin ba ke nan, ƙafa ce ta tsufa. Sai ya mayar da mai kyaun.

Ƙarfe biyar da rabi ƙarti huɗu suka sauko da babur ta matakala, suna ba shi haƙuri a kowace kwana. Ƙanƙara ta narke ta bar tsakar gida caɓa-caɓa. Duk benen ya fito, har da wasu tsofaffin abokan aikinsa da suka ji labari suka zo suka jera hannu a aljihu. Saana na daga baya da jakar tawul, tana ta ƙoƙarin ɓoye ta a bayan ƙafarta. Tauno ya zuba fetur kofin shayi ɗaya haɗe da ɗan mai, ya buɗe famfon tanki, ya ɗora ƙafa a kan kiki. Ya tuna wa ƙafar abin da suka shirya. Amma ƙafar da ta yi shekara arba'in tana abu iri ɗaya ba ta jin sabon umarni a rana guda, ta sauka da dukkan nauyinsa.

Bugu ɗaya ya tashi. Ƙara ta cika tsakanin gine-ginen, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka bar rufi. Sautin kuwa sumul, ba tari ba gargada. Tsofaffin abokan aikin suka gyaɗa kai sau ɗai-ɗai, wanda a wajensu shi ne guɗa. Urpo ya cire hula ya dafe kai. Tauno yana tsaye riƙe da totur, daɗi ya cika masa ciki har wuya, kuma a cikin daɗin ya gane abin da ya yi wa kansa.

Marjatta ta buɗe takarda. A tsarin gidan, hukunci ba ya fara aiki sai shugaba ta karanta shi wanda abin ya shafa ya ji da kunnensa. Ta buɗe baki, Tauno ya murɗa totur. Ta jira ƙarar ta sauka, ta sake buɗe baki, ya sake murɗawa. Ba ya ko kallonta, idonsa na kan tanki, ruwa na bin kumatunsa, kowa kuma ya yarda hayaƙi ne. A karo na uku sai ta naɗe takardar ta riƙe a ƙirji ta tsaya.

Ba wanda ya tafi. Mutum talatin suna tsaye cikin caɓi da warin mai, ba mai magana don ba mai ji, suna jiran fetur kofi ɗaya ya ƙare. Tauno ne ya saita kabiretar da hannunsa, ya san iyakar abin da zai kai, ba zai wuce minti goma sha biyar ba. Muddin injin na kuka, ƙarfe shida tasu ce, shi da Raili.

Da ƙarfe shida saura kwata injin ya yi tarin farko. Tauno ya karkatar da babur ɗin gefen famfo don ragowar fetur ɗin da ke ƙasan tanki ya gangaro, injin ya farfaɗo. Ya sake tari, ya ƙara karkatarwa, har gwiwarsa ɗaya ta shiga caɓi, don ƙarfen ya fi ƙarfin mai shekara saba'in da uku. Saana ta ajiye jakar tawul ɗinta a ƙasa, ta ratso mutane, ta kama mazaunin kayan da hannu biyu ta tallafe masa nauyin. Ta sunkuyo saitin kunnensa ta ɗaga murya, ta tambaye shi ko in sun ƙara kwantar da shi kaɗan zai kai minti ɗaya.

"Zai kai biyu," in ji Tauno. Suka ƙara kwantar da shi.